Agogon Da Ba Ya Shiga Ruwa

'Yan uwana mata, a 1953 kamfanin Rolex ya ƙera agogon Submariner domin masu nutso a teku, yana jure zurfin mita 100. Shi ke nuna wa mutum mintunan da ya yi a ƙasan ruwa kafin iskarsa ta ƙare. Maganar rai ce fa.

Yau attajirai ke farautar tsofaffinsa, wani lokaci mai koɗaɗɗiyar fuska ma ya fi tsada. Sai a kulle a akwatin ƙarfe ana jiran kuɗinsa ya hau. Kada mu yi dariya, kwanukan jerenmu ma yaushe rabonsu da tuwo?

Su dai so suke kiransa, ni kam na ce fatauci ne. Kayan da aka saya domin sayarwa kuwa, malamai sun ce akwai zakka a kansa.