Barbarar Furen Kiwi da Hikimar Riƙo da Sababi

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci tsirrai namiji da mace, ya ɓoye arzikin bayinsa cikin ƙurar da ido ba ya iya ƙirgawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, akwai wani ɗan itace da ake kira kiwi. Girmansa kamar ƙwan kaza, bayansa gashi-gashi ruwan ƙasa, cikinsa kore shar da ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe kamar riɗi. Asalinsa ƙasar Sin. A shekarar 1904 wata shugabar makarantar 'yan mata mai suna Isabel Fraser ta kai irinsa Niyu Zilan, can aka inganta shi, har a 1959 'yan kasuwa suka raɗa masa sunan tsuntsun ƙasar. Yau garin Te Puke da kewayensa rumfunan kiwi ne ko ta ina, domin yaɗo yake yi kamar inabi.

Shi kiwi tamkar dabino ne, namiji daban, mace daban. Namijin ba ya 'ya'ya, amma kuma sai da shi, don haka aka saba dasa namiji guda a tsakanin mata kamar takwas. Sai dai furen ba shi da ruwan zaƙin nan da ƙudan zuma ke bi, ga shi iska kaɗai ba ta wadatarwa. Manomi zai yi hayar amya wajen takwas ga kowace hekta, ƙudan su tsallake rumfar su tafi ciyawar makiyaya inda zaƙi yake. Har ruwan sukari ake zuba musu a amya domin su koma neman garin fure.

A nan ne hankalina ya tsaya. Mangwaro ƙwallo ɗaya gare shi, haɗuwa ɗaya ta ishe shi. Shi kuwa koren kiwi da ake kira Hayward, kafin ya kai girman da kasuwar waje ke so, yana buƙatar ƙwaya wajen dubu a cikinsa, kuma kowace ƙwaya sai da ƙwayar garin namiji tata. Gwargwadon yawan ƙwaya, gwargwadon nauyi. Idan barbara ta yi rauni sai ɗan ya fito ƙanƙane ko karkatacce, ko da ƙasa ta ƙoshi da taki da ruwa. Subhanallah! Gumin shekara guda an rataye shi ga 'yan kwanakin da furen mace ke buɗe, wajen watan Nuwamba a can, kuma ruwan sama ko sanyi na iya hana ƙuda fita a daidai waɗannan kwanaki.

Saboda haka ɗan Adam ya shiga tsakani. Ana tsinke furannin namiji suna dab da buɗewa, a niƙa su a inji a ware kawunan da ke ɗauke da garin, a busar da su da ɗumi kaɗan, a zuƙe garin, a adana shi a firiza har zuwa baɗi. Idan lokaci ya yi, wasu su hura shi busasshe ƙarƙashin rumfa, wasu su dama shi cikin ruwa na musamman su fesa. A Japan kuwa da yawa fure ɗaya-ɗaya suke bi da ɗan gashin tsuntsu, sun cuɗa garin da jan launi domin a gane wanda aka taɓa da wanda ya saura. Ina ganin girman haƙurin wannan mutum da ke wuni kansa a sama, yana yin aikin da ƙwaro ke yi ba da wahala ba.

Mai tambaya zai ce: shin wannan ba shisshigi ba ne cikin halittar Allah? Ni dai ban ga haka ba, kuma magabata sun hutar da mu. Imam Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna barbarar dabino, ya nuna ba ya zaton hakan na da amfani. Suka bari, dabinon bai yi kyau ba. Da labari ya kai gare shi sai ya mayar musu da al'amarin, ya bayyana cewa sanin sana'ar duniyarsu yana wurinsu. Har gobe masu dabino a Ingal da Bilma suna hawa su sa reshen furen namiji cikin na mace, kuma ba wanda ya ce tawakkalinsu ya ragu. Mai injin fesa a Te Puke da mai hawan dabino aikinsu ɗaya: ɗauka daga nan zuwa can. Babu wanda a cikinsu ya taɓa ƙera ƙwayar gari guda, balle ya umarce ta ta tsira ta gangara cikin fure har ta sadu da abokiyarta.

Amma wanda ya karɓi aikin ƙudan zuma ya ɗauki amanar da ta fi ta ƙudan nauyi. Ƙuda iyakarsa 'yan kilomitoci, shi kuwa mutum jirgi yake sa gari ya ƙetare teku, kuma abin da ke maƙale da garin yana tafiya tare da shi. A Nuwamban 2010 aka gano ƙwayar cutar da ake kira Psa a wata gonar Te Puke. Ta bi rumfuna tana busar da rassa, ta kusa shafe nau'in kiwi mai ruwan zinariya da ake kira Hort16A, dole manoma suka sassare itatuwansu suka ɗaura sabon iri a kan kututturan. A 2018 babbar kotun Niyu Zilan ta rinjayar da cewa cutar ta shigo ne cikin wani kaya na kawunan furen namiji da aka shigo da shi daga Sin a 2009. Kayan da aka kawo domin ƙara haihuwa, shi ne kotu ta ga ya zo da annoba, kuma mutane da yawa da ba su san da zuwansa ba suka wayi gari gonakinsu na zubar da jan ruwa daga rassa.