Kuɗin Naki Ne, Amma Mutuncin Nata Ne

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. In ba ke ake bi ba, to ke kike bin wata: kuɗin atamfar da aka ɗauka za a biya bayan sallah, zubin adashin da ya maƙale, ko 'yan kunnen gwal da kika sayar kika ba ƙanwar maigida ta ja jari. Abin da nake so mu tauna shi ne, idan wadda kike bi ta kasa biya, a ina haƙƙinki ya tsaya?

Kuɗin dai naki ne, babu ja. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take magana: a rubuta, a sa lokaci, a kafa shaidu. (Mu kuwa kunya ke hana mu, wai yaya za a ce Yaya ta sa hannu a takarda? Ranar rikici sai a koma rantse-rantse.) Ya tabbata daga Manzon Allah (SAW) cewa shahidi ma ana gafarta masa komai ban da bashi, kuma mai hali da ke ja wa mai kuɗi rai zalunci yake yi. Wadda ta ɗinka sabon leshi ta tafi biki alhali kuɗinki na wuyanta, ki bi ta, ba ki yi laifi ba.

Wuyar tana ga ɗayar, wadda mijinta ya rasa aiki, ko gobara ta cinye shago, ko jinya ta lashe jari. Aya ta 280 ta yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri. Malamai suka ce saurarawar wajibi ce, yafewar ce kawai aka bar miki zaɓi. Ba kuma a ƙara mata ko kwabo don an jinkirta, wannan riba ce.

Na san za ki ce, ni ma fa ba a wadace nake ba, kuɗin makarantar yara ne na ba ta. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin ciwo ba ne. Sai dai ki duba, tsayawa a tsakar gidanta kina ɗaga murya a gaban kishiya da 'ya'ya ba ya haifar da naira ɗaya. Wadda ba ta da shi da safe ba za ta same shi da yamma don kin tozarta ta ba. Iyakaci ta je ta ciwo wani bashin mai ruwa ta rufe bakinki, kin fitar da ita daga rami kin jefa ta rijiya. Kuɗi kika ranta mata, ba ta ba ki mutuncinta jingina ba.

Dokar ƙasa ma nan ta tsaya. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya irin ta bashi kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Ke nan kai miji caji ofis don matarsa ta ci bashi ba hurumin kowa ba ne, ko da kina da ɗan'uwa mai kaki. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta dirar wa kamfanonin ba da rance ta waya da ke aika wa dangin mutum da abokansa saƙon cewa ɓarawo ne. Mu da muka yi tir da su, me ya bambanta mu da su in muka baza sunan maƙwabciya a gidan suna?

To wa zai tantance mai ƙarya da mai gaskiya? Ba zuciyar da ke tafasa ba. A fara da dattijuwa ɗaya ko biyu masu riƙe sirri, a zauna a ga abin da take iya bayarwa duk wata, a rubuta. In ta ƙi, akwai alƙali. Kano ta buɗe kotunan ƙananan basussuka tun 2019. Kada ki raina karɓar rabi. A 2005 ƙasashen ƙungiyar Paris da ke bin Najeriya sun yafe kimanin dala biliyan 18, suka karɓi kusan biliyan 12 aka rufe littafi. Ba waliyyai ba ne, lissafi suka yi.

Akwai kuma ƙofar da muke mantawa. Cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ware wa zakka har da waɗanda bashi ya danne. Hajiyar da ke fitar da zakka duk shekara tana iya sauke wa wata 'yar uwa nauyin nan, mai bin kuɗi ta samu nata, mai biya ta samu barci. Sai dai a kula, mafi yawan malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, ba su yarda ki yafe bashin da kika fid da rai da shi sannan ki lissafa shi cikin zakkarki ba.