Wa Ya Ce Raguwa Ce?

A gidan suna nan Akurba, da an ce "ai aiki aka yi mata", sai ka ji muryoyi sun sauka. Wata ta ce Allah sarki, wata ta taɓe baki ta ce 'yan matan yanzu ba sa iya naƙuda. Mun sha jin wannan magana, wasunmu ma da bakinmu muka faɗe ta. To, macen da aka tsaga cikinta aka ciro ɗa, gazawa ta yi?

Mu duba abin da ke kai mace ɗakin tiyata. Akwai hawan jinin masu ciki, wanda in an bar shi yakan koma jijjiga. Akwai ciwon suga, mai sa ɗa ya yi girman da ba zai wuce ƙugu ba. Wani ɗan a gicciye yake kwance, wani ta ƙafa yake tahowa, wani lokacin kuma mabiyiya ce ke tare bakin mahaifa. Ga tagwaye, ga yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, ga wadda ta haura shekara 35, ga wadda aka taɓa yi wa aiki. Zaman gari ma ya ƙara nasa: ƙiba, lemon kwalba, ko nan da can sai Keke Napep. A cikin waɗannan duka, wanne ne ragwanci? Wace jaruma ce za ta yi nishi ta kawar da mabiyiya daga hanya?

Za a ce iyayenmu sun haifi goma a ɗaki. Gaskiya ne. Amma waɗanda suka rayu ne ke ba mu labari. Wadda ta kwana uku tana naƙuda ta cika, ba ta zuwa gidan suna ta faɗi nata. Wadda ta tsira da yoyon fitsari kuwa, sai a asibitin Babbar Ruga a Katsina ake jin bakinta.

Ba mu ce duk aikin da aka yi daidai ne ba. Akwai inda ake gaggawar ɗauko wuƙa don kuɗi, kuma aiki na da haɗarinsa; wadda aka yi wa sau ɗaya, haihuwarta ta gaba a asibiti ya kamata ta kasance. Haƙƙinmu ne mu tambayi likita dalili. Sai dai tun 1985 masana lafiya na duniya ke ganin haihuwa 10 zuwa 15 cikin 100 kan buƙaci aiki, alhali binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan 3 kacal ake yi wa a Najeriya. Ashe waɗanda ba su samu ba sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Inda nauyin yake, a wajenmu maza ne. Tsakaninmu da asibiti ba wata tafiya ba ce, don haka ba nisa ke kashe mana mata ba. Likita na riƙe da takarda yana jiran sa hannu, maigida ya ce a dakata ya ji ta bakin Hajiya, Hajiya ta ce a ƙara mata rubutu tukuna. Muna kiran wannan tawakkali. Anya? Mutumin da ba ya barin shagonsa a buɗe ya tafi masallaci, shi ne zai bar matarsa tana zubar da jini ya ce ya dogara ga Allah?

Abin takaicin, yawancin waɗannan alamu ana ganinsu a wurin awo da hoton ciki tun da sauran watanni. A Nuwambar 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da aikin haihuwa kyauta ga mata marasa hali. Tun ciki na wata biyar a tambaya ko asibitin da take awo na cikin shirin. A san rukunin jininta da ɗan'uwan da zai bayar. Maigida mai fita fatauci Makurɗi ko Shendam kuma, ya faɗa a gaban uwarsa wa zai sa hannu in ba ya nan.