Kwaɗon Sperry da Zanen Dutse

A shekarun 1940, wani masani ɗan Amurka, Roger Sperry, ya yanke jijiyar idon kwaɗo, ya juya idon sama ta koma ƙasa, ya bar jijiyar ta sake tsirowa. Kowane zare ya koma gurbinsa na da a ƙwaƙwalwa. Daga nan in ƙuda ya gifta ta sama, sai kwaɗon ya kai cafka ƙasa. Duk yawan kuskuren, bai taɓa gyarawa ba.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, don haka na san saƙon da aka liƙa wa adireshi: inda aka rubuta, nan zai je. Zarurrukan jijiya fiye da miliyan ɗaya ne ke fita daga kowane idon mutum. Tun muna ciki suke bin sinadarai irin su efrin, masu yawa a wani gefe, kaɗan a wani, har maƙwabta a ido su zama maƙwabta a ƙwaƙwalwa. Mai cewa hali zanen dutse ne ya sami hujja.

Amma a shekarun 1960, David Hubel da Torsten Wiesel sun rufe ido ɗaya na 'ya'yan kyanwa a watanninsu na farko. Da aka buɗe, idon lafiyarsa ƙalau, sai dai ƙwaƙwalwa ta daina sauraronsa, ɗayan idon ya mamaye gurbinsa. Babbar kyanwa kuwa, rufewar ba ta yi mata haka ba. Shi ya sa likitoci ke gaggauta cire yanar idon jariri. Su biyun da Sperry aka ba kyautar Nobel a 1981.

Ke nan halitta ce ke shata taswira, abin da yaro ya gani kuma shi ke ƙarasa ta, cikin ƙayyadadden lokaci. Ba na cewa ɗabi'a jijiya ce. Mutum yana tuba, kwaɗo ba ya yi. Sai dai tambayar ta hana ni sakat: yaron da ya tashi bai ga tausayi ba, in ya girma da busasshiyar zuciya, nawa ne laifinsa, nawa ne na waɗanda suka rufe masa idon?

A ganina, babba ba shi da uzurin cutar da kowa, tunda yana iya gane kuskurensa ya nemi gyara. Amma kaso mafi nauyi yana kan mu masu riƙe da yara, domin a hannunmu lokacin yake, kuma ba ya jira.