Suna linzami ne, amma wa ke riƙe da shi?

A Ingila akwai wasu tsukakkun jiragen ruwa, faɗinsu bai kai ƙafa 7 ba, tsawon wasu kuwa ya kai ƙafa 70. Suna bin hanyoyin ruwan da aka haƙa da hannu tun kafin zuwan jirgin ƙasa, irin ta Bridgewater da aka buɗe a 1761 don kai kwal Mancesta. A da doki ke jan jirgin daga bakin gaɓa. Yau dakon kaya ya bar ruwa, jiragen sun zama gidaje da wurin shan iska, kowanne da sunansa rangaɗau a jiki.

Sunayen ne suka ja hankalinmu. A shekarun 1930 kamfanin Grand Union Canal Carrying Company sunayen taurari da na garuruwa ya riƙa sa wa jiragensa. Masu aikin ba su suka zaɓa ba, su dai iyali guda ne a ɗakin da bai fi shagon tela ba, ana fama tun asuba har dare. Yanzu mai jirgi ke raɗa wa abinsa suna. Wani ya ce Kingfisher, wato ɗan tsuntsun nan mai kamun kifi, wani ya sa sunan matarsa, wani ko barkwanci zai yi, ya rubuta abin da ke nufin ya gama aiki, shi da wahala sai labari.

To mu wannan ba baƙon abu ba ne. Dubi tirelolin da ke sauke mana shanu da tumatir daga gida, su koma da goro. "Haƙuri maganin zaman duniya" a goshin mota, direba kuwa yana gudu kamar zai tashi sama. Hausawa sun ce suna linzami ne. Me ya sa ya ja mai jirgi, bai ja direba ba?

A ganinmu ba sunan ne ya kwantar wa mai jirgi da hankali ba, ruwan ne. A yawancin hanyoyin nan ba a wuce mil 4 a awa, tafiyar mai sauri da ƙafa ke nan. Dalilin kuwa haƙƙin maƙwabci: in ka yi gudu, igiyar ruwa ta zaizaye gaɓa, ta girgiza jirgin da ke ɗaure, tukunyar wani ta kife. Ga kuma ƙofofin da ke ɗaga jirgi ko sauke shi in an zo tudu. A Tardebigge guda 30 ne a jere, kowacce da hannu ake buɗewa, a jira ruwa ya cika, ba cin hanci, ba "ka san ko ni wane ne". Dole ka gaisa da na gabanka, dole ka taya shi turawa. Mutum ya shekara yana haka, ai haƙuri ya zama jiki.

Wani zai ce wannan hutun masu fansho ne, kuɗi ya saya musu. Da gaskiyarsa, amma ba duka ba. A Landan akwai matasan da tsadar haya ta koro kan ruwa. Wanda ba shi da matsaya ta dindindin sai ya tashi duk kwana 14, shi zai nemo ruwan sha, shi zai kwashe bayan gida, ga sanyin hunturu. Su ma mil 4 ɗin suke yi, ba don ba su da uzuri ba.

Direbanmu fa ba lalle haƙuri ya rasa ba. Shi ya biya mai fenti ya rubuta kalmar, wataƙila har zuciyarsa yake nufi. Amma tumatir na ruɓewa a baya, shingen hanya ya cinye masa rabin dare, waya na ta ƙara: "Kana ina? Kasuwa za ta tashi!" Mai kiran nan kuwa sau da yawa ɗayanmu ne, yana zaune a rumfa da carbi a hannu.