Hasumiyar da manhaja ta so ta miƙar

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin dogon bene ya ɗaga wayarsa don ya kamo ƙolinsa ya san abin da ke fitowa: gini mai faɗi daga ƙasa, tsukakke daga sama, kamar zai faɗi da baya. Magini bai yi laifi ba, wayar ma lafiyarta lau. Da zarar ka ɗaga kan kyamara, farantin da ke karɓar haske a cikinta ya daina fuskantar bango sak, sai layukan da ke tsaye su kama hanyar haɗuwa a sama. Ido ma haka yake gani, amma ƙwaƙwalwa takan ɗauke masa kai. A kan takarda kuwa ba ta yin wannan sassauci.

Masu hoton gine-gine suna da magani iri biyu, kuma sun daɗe suna musu a kansu.

Na farko gilashi ne na musamman, mai zamewa da karkata. Gilashin kyamara na yau da kullum yakan jefa hoto a zagaye, daidai girman da zai rufe faranti. Faranti cikakke milimita 36 ne a faɗi, 24 a tsaye, daga kusurwa zuwa kusurwa wajen 43. Shi kuwa wannan gilashin, kamar TS-E 24mm da Canon ya sabunta a 2009, zagayensa ya kai milimita 67. Saboda haka mai hoto yakan kafa kyamara a kan ƙafa uku, ya tabbatar ta yi lebur, sannan ya murɗa wata 'yar ƙusa gilashin ya zame sama har milimita 12. Kwalta da ta cika ƙasan hoto sai ta fice, ƙolin gini ya shigo, bango yana nan tsaye ƙyam. Dabarar ta girmi kakanninmu: manyan kyamarorin da ake lulluɓa da baƙin ƙyalle suna yin haka tun ƙarni na 19. Nikon ne ya kawo zamewar cikin ƙananan kyamarori a farkon shekarun 1960, Canon ya haɗa mata karkata a 1973. Matsalarsa tsada da nawa. Sabo kan kai dala 2,000, da hannu ake saita shi, kuma ba ya jure gaggawa.

Na biyu manhaja ce. Ka ɗauki hotonka a karkace, ka koma gida, ka danna. Tun 2013 Lightroom na kamfanin Adobe ke da wani maɓalli, Upright, wanda ke leƙa hoto ya nemo layuka ya miƙar da su da kansa. Yau har wayar hannu tana yi. Masu raina wannan hanya a matsayin lalacin 'yan zamani ba su san tarihi ba, domin a ɗakin wanke hoto ma an daɗe ana karkata allon takarda don a miƙar da gini. Theodor Scheimpflug, hafsan sojan Ostiriya wanda ƙa'idar karkata gilashi ke ɗauke da sunansa, ya yi rajistar dabararsa a 1904 ne yana neman yadda zai daidaita hotunan da aka ɗauka daga sama a karkace, don a zana taswira da su. Ashe gyaran bayan fage ma yana da asali.

Sai dai kowace miƙarwa da kuɗinta. Manhaja ba ta da abin da za ta ƙara, abin da ke nan take ja. Takan buɗe saman hoton, ɗigo-ɗigon da ke wurin su bazu, kaifinsu ya ragu, sannan a datse gefe da gefe don hoton ya koma kusurwa huɗu. Aikin tela ne da aka kawo masa yadi a ƙage: zai fitar da riga, amma wani wuri zai ɗame. Wanda ya cika hotonsa maƙil da gini, bai bar fili a gefe ba, yakan wayi gari gyara ya cinye masa ƙofa ko bishiyar da ta ƙawata wurin. Da kyamarorin yanzu masu ɗigo miliyan 45 ko fiye, wannan asara ba ta cika damun wanda zai sa hoto a Facebook ba. Mai buga shi da girman bango ne ke jin ta.

Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina ba kaifin hoto ba ne. Tambayar ita ce, da me kowannensu yake gane abin da ke tsaye?

Ɗauki hasumiyar babban masallacin Agadas, wadda aka fara ginawa wajen 1515, aka sake ta a 1844. Mita 27 ce ta zallar ƙasa, da itatuwa cako-cako a jikinta, kuma da gangan maginanta suka yi ta mai faɗi a gindi tana tsukewa har sama. Haka ginin ƙasa yake rayuwa. Duba tsohuwar katangar tubali a Kano ko Zariya, za ka ga gindi ya fi kai kauri. To, maɓallin nan mai aiki da kansa layukan cikin hoto yake bi, yana zaton duk bango biyu da suka nufi haɗuwa karkatar kyamara ce ta jawo. A ginin siminti da gilashi zatonsa kan yi daidai. A gaban hasumiyar Agadas, in ka sakar masa ragama, zai iya ɗaukar hikimar magini a matsayin kuskuren mai hoto, ya buɗe mata kai, ya fito da wata hasumiyar da babu ita a duniya. Gyaran gangar Abzinawa ke nan, sai dai a nan Abzinawan su suka yi aiki mai kyau, na'ura ce ta ɓata.

Mai gilashin nan ba ya faɗawa wannan rami, ba don gilashinsa ya fi wayo ba, sai don bai tambayi ginin ba. Ƙasa ya tambaya. Ya daidaita kyamararsa da ma'aunin lebur, don haka duk tsukewar da ta rage a hoton ta ginin ce. Mai manhaja ma zai iya kuɓuta idan ya ajiye maɓallin, ya nemi shaida a cikin hoton, kamar turken lantarkin da ya tabbatar a miƙe yake ko igiya mai ɗauke da dutse, ya miƙar da hoton a kanta. Malamin makaranta da ke gyara Hausar yaron Sakkwato zuwa ta Kano, da editan da ke goge salon marubuci yana zaton kuskure ne, duk suna buƙatar irin wannan shaida kafin su ɗauki jan biro: karkatar nan daga wurin tsayuwata take, ko haka mai abin ya gina abinsa?

Ko da bangon na siminti ne, miƙewa ɗari bisa ɗari ba kullum take daɗin ido ba. Dogon bene da aka ɗauka daga kusa aka miƙar sarai yakan yi kamar kansa ya kumbura, shi ya sa ƙwararru kan bar masa 'yar tsukewa.

Karkatar gilashin kuwa wani aiki ne daban. Ita ke kwantar da kaifi ya bi shimfiɗar ƙasa, daga tabarmar da ke gabanka har ƙofar da ke can nesa. Manhaja za ta iya dusashe abin da ya fito fes, ta mai da gari kamar kayan wasan yara, amma abin da ya dusashe tun wurin ɗauka, sai dai ka koma ka ɗauki hotuna da yawa ka ɗinke su.