Sanin Jini da Sanin Mai Jinin

A Amurka, inda ba a shiga makarantar likitanci sai an kammala digiri na farko, ɗalibai da dama kan yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje kafin su nemi gurbi, kuma al'adar tana da tushe a tarihi. Makarantar likitanci ta Johns Hopkins, wadda aka buɗe a 1893, ta gindaya wa masu shiga sharaɗin digiri da sanin kimiyya, sannan rahoton Abraham Flexner na 1910 ya mai da tsarinta ma'auni, har makarantu da yawa da suka gaza cika shi suka rufe. Sai dai tsarin ya ginu ne a kan wani zato da ya cancanci bincike, wato cewa wanda ya san jini ya kama hanyar sanin mai jinin.

Mafi girman abin da ɗakin gwaji ke koyarwa shi ne ladabin shakka, domin ma'aikacinsa yana ganin yadda ake samar da lambar da likita zai karanta a takarda tamkar hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Ya san cewa idan aka ja jini da ƙarfi ta siririyar allura, ko aka jijjiga kwalbar, jajayen ƙwayoyin jini na iya fashewa su zubar da sinadarin fotasiyam da ke cikinsu, sai sakamako ya nuna haɗari ga zuciyar mutumin da lafiyarsa lau. Ya kuma san cewa iyakar da ake kira ta lafiya, a gwaje-gwaje da yawa, an tsara ta ne don ta ƙunshi kashi 95 cikin ɗari na lafiyayyu, abin da ke nufin mutum ɗaya cikin ashirin zai faɗa wajenta ba tare da wata cuta ba. Wannan hali na ƙin miƙa wuya ga abin da ba a jarraba ba daɗaɗɗe ne a likitanci, kuma shi ya sa Abubakar ar-Razi ya rubuta littafi sukutum kan shakkunsa game da Jalinus, malamin da likitocin zamaninsa ke jin nauyin saɓa masa.

Duk da haka, ingancin aikin ɗakin gwaji ya dogara ne a kan kawar da mutumin daga gaban mai aunawa, tun da kwalba takan iso da lamba manne a jikinta, ba ta tsoro, ba ta ɓoye cewa ba ta sha magani ba saboda rashin kuɗi. Aristotal ya bambanta sanin ƙa'idoji na bai-ɗaya da hikimar aiki, wadda ita ce iya yanke abin da ya dace game da mutum guda a halin da yake ciki, kuma yana ganin ta biyun ba ta samuwa sai da daɗewa cikin mu'amala. Abin lura ne cewa a Johns Hopkins ɗin dai likita William Osler ya dage sai an kai ɗalibai bakin gadon majiyyata, kuma a 2015 aka ƙara wa jarrabawar MCAT, wadda masu neman gurbi ke rubutawa, sashe kan halayyar ɗan Adam da zamantakewa.

Saboda haka duk kwamitin tantance masu neman gurbi da ya ɗauki shekarun ɗakin gwaji a madadin zama da marasa lafiya ya yi kuskuren lissafi. Masanin falsafa na Faransa, Georges Canguilhem, ya kafa hujja a 1943 cewa ba lamba ke ayyana cuta ba, sai an dubi rayuwar mai ita, kuma cutar sikila, wadda ta yawaita a ƙasar Hausa, tana gaskata shi: ma'aunin himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini, idan ya nuna 8 ga mai sikila yana iya zama halinsa na kullum, alhali ga wanda jiya yake da 14 alama ce ta zubar jini da ke bukatar a nemo mafarinsa cikin gaggawa.